Kuɗin laima a ƙwallon ƙafa: darasi daga Ingila zuwa Arlit

Ran 31 ga watan Maris na 1971 ba a san Akokan ba. Ran 31 ga watan Maris na 2021 kuwa, kamfanin COMINAK ya rufe raminsa na Akuta bayan ya fitar da yuraniyom wajen tan dubu 75 tun daga 1978. Ma'aikatan kamfanin, su kusan 600, sun samu kuɗin sallama. Ƴan kwangila, waɗanda suka yi ta shiga rami ɗaya da su, sun yi ta kukan cewa ba su cikin wannan lissafi. Saboda haka mutumin Arlit ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan bambancin wanda ya faɗo bisa katifa da wanda ya faɗo bisa tsakuwa.

Irin wannan magana ce take ta da ƙura a ƙwallon ƙafa na ƙasar Ingila, wanda samarinmu suke kallo kowace Asabar a gidajen kallo na Arlit da Agadas da Cirozerin. Can ana ba ƙungiyar da ta faɗo daga rukuni na ɗaya wasu kuɗi masu yawa domin kada ta karye. Suna kiransu kuɗin laima, watau irin laimar da soja yake buɗewa in ya diro daga jirgin sama. Tambayar da za mu duba yau ita ce: in an kare wanda ya faɗo, ina makomar wanda yake ƙasa tun da farko, yana neman hawa? Amsar ta shafi Urana da Akokana, ko da yake mu ba mu da kuɗin talbijin irin na Turawa.

Yadda ake biyan kuɗin

Rukuni na ɗaya na Ingila, wanda ake kira Firimiya, an kafa shi a 1992, kuma ƙungiya 20 ke cikinsa. Kowace kaka uku na ƙarshe suna sauka zuwa rukuni na biyu, mai suna Championship, inda ƙungiya 24 suke buga wasa 46 kowacensu. Uku kuma suna hawa su maye gurbinsu.

Arzikin Firimiya daga talbijin yake fitowa. A watan Disamba na 2023 ta sayar da izinin nuna wasanninta cikin gida, na kaka huɗu, a kan fam miliyar 6,7, watau abin da ya kai sefa miliyar dubu 5, ban da abin da take samu daga ƙasashen waje. Wani kaso na kuɗin ana raba shi daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyin 20. Daga wannan rabo ne ake auna kuɗin laima. Bisa tsarin da ya fara aiki a kakar 2016-2017, ƙungiyar da ta faɗo tana samun kashi 55 cikin ɗari na rabon a shekarar farko, kashi 45 a ta biyu, kashi 20 a ta uku. Wadda ta yi kaka ɗaya tak a sama ba ta da na shekara ta uku. In ƙungiya ta koma sama kafin wa'adin ya cika, sai a tsayar da biya, sauran kuɗin su zauna hannun Firimiya.

A shekarun baya-bayan nan, biyan shekarar farko yana kai fam miliyon 45 zuwa 50, watau wajen sefa miliyar 35. Sauran ƙungiyoyin rukuni na biyu su ma Firimiya tana ba su abin da ta kira kuɗin zumunci, amma wajen fam miliyon 5 ne kowace. Ke nan tun ba a busa usur ba, wata ƙungiya ta shigo fili da ninki tara na abin da aka ba abokiyar karawarta daga aljihu ɗaya.

Dalilin da ya sa aka kawo shi

Kada mu yi saurin yanke hukunci. Waɗanda suka kawo tsarin suna da hujja. Ɗan wasa yana sa hannu a kwantaragi na shekara uku ko huɗu. Ran da ƙungiya ta faɗo, kuɗin shigarta suna raguwa nan take, amma albashi yana nan yadda aka rubuta shi. Ƙungiyar Bradford ta hau a 1999, ta ɗauki ƴan wasa masu tsada, ta faɗo a 2001. A 2002 bashi ya ci ta har aka ɗora mata masu kula da dukiyar wanda ya kasa biya. Ƙungiyar Leeds ta kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2001, ta faɗo a 2004, ta gangara rukuni na uku a 2007, ba ta sake ganin Firimiya ba sai 2020, bayan shekara 16.

In ƙungiya ta karye, ba ƴan wasa kaɗai suke shan wuya ba. Akwai mai share fili, da mai wanki, da direba, da mai sayar da abinci a bakin ƙofa, da ƙananan ƴan kasuwa da suka ba da kaya bashi. Hujja ta biyu kuma ita ce, in babu laima, ƙungiyar da ta hau ba za ta yarda ta kashe kuɗi ba don tsoron faɗuwa, sai ta zama ganimar manya, gasar ta rasa armashi. Firimiya tana riƙe da wannan hujja har yau.

Abin da lissafi ya nuna

To, amma mu duba waɗanda suka hau cikin kaka biyar a jere. A waɗannan shekaru, na ɗaya da na biyu suna hawa kai tsaye, na uku zuwa na shida kuma su yi wasan cike gurbi, a ƙare a filin Wembley na Landan.

A 2021, Norwich da Watford suka hau kai tsaye. Dukansu sun faɗo ne a 2020. A 2022, Fulham da Bournemouth. Ta farko ta faɗo a 2021, ta biyu a 2020. A 2023, Burnley da Sheffield United. Ta farko ta faɗo a 2022, ta biyu a 2021. A 2024, Leicester, wadda ta faɗo a 2023, da Ipswich. A 2025, Leeds da Burnley, kowace da maki 100. Ta farko ta faɗo a 2023, ta biyu a 2024.

Ga gurbi goma ke nan na hawa kai tsaye. Tara daga ciki masu laima suka cinye su. Ipswich kaɗai ta shiga ba da laima ba. Ta ƙofar cike gurbi kuwa, Brentford ta hau a 2021, Nottingham Forest a 2022, Luton a 2023, Southampton a 2024, Sunderland a 2025. Cikinsu Southampton ce kawai mai laima. Jimla, cikin ƙungiya 15 da suka hau, 10 suna cin kuɗin laima a lokacin da suka hau, alhali masu cin kuɗin tsiraru ne cikin ƙungiya 24.

Wannan lissafi yana koya mana abu guda da ya kamata a riƙe. A doguwar tafiya ta wasa 46, mai kuɗi ne yake isa, domin yana da ƴan wasa na canji in wani ya ji ciwo ko ya gaji. A gajeren wasa na cike gurbi, inda rana ɗaya take yanke hukunci, talaka yana iya yin sa'a. Watau an bar wa ƙungiyoyin da ba su da laima ƙofa ɗaya, ƙunƙuntacciya, su yi ta turereniya a bakinta.

Wanda ba shi da laima

Mai ƙungiyar da ba ta da laima yana da hanya biyu. Ko ya haƙura ya zauna inda yake, ko ya ci bashi ya yi gasa da masu laima, da fatan in ya hau kuɗin Firimiya su biya. Da yawa sun zaɓi ta biyu. Shi ya sa aka yi shekaru ana ganin albashin ƴan wasa a rukuni na biyu, in an haɗa shi gaba ɗaya, ya zarce dukan kuɗin da ƙungiyoyin suke samu. Babu ɗan kasuwar da zai yi haka a kasuwar Agadas ya kai baɗi.

Ƙungiyar Derby misali ce. Ta kai wasan ƙarshe na cike gurbi a 2019, Aston Villa ta doke ta. A watan Satumba na 2021 ta kasa biyan bashi, aka cire mata maki 21 cikin kaka ɗaya, ta faɗa rukuni na uku a 2022, saura kaɗan ta ɓace bayan shekara fiye da 130 da kafuwa. Laifin shugabanninta ne, babu shakka. Amma wanda ya ga maƙwabcinsa yana tsere a kan doki, shi kuwa a ƙasa, in bai yi hankali ba sai ya jinginar da gida ya sayi doki. Shugaban hukumar ƙananan rukunoni, Rick Parry, ya faɗa wa wani kwamiti na majalisar dokokin Birtaniya a watan Mayu na 2020 cewa kuɗin laima masifa ce da ya kamata a kawar.

Laima ba ita ce tushen cutar ba

Duk da haka, adalci ya sa mu faɗi abu biyu. Na farko, laima ba ta maye gurbin hankali. Sunderland ta faɗo daga Firimiya a 2017, ta sake faɗuwa zuwa rukuni na uku a 2018, da laimarta a hannu. Luton ta faɗo a 2024, ita ma ta zarce rukuni na uku a 2025. Kuɗi a hannun wanda bai iya riƙo ba, ruwa ne a kwando.

Na biyu, ƙungiyoyi ukun da suka hau a 2023, watau Burnley da Sheffield United da Luton, duka sun faɗo a 2024. Ukun da suka hau a 2024, Leicester da Ipswich da Southampton, duka sun faɗo a 2025. Wannan yana nuna cewa tsakanin rukunin sama da na ƙasa rami ne mai zurfi. Zurfin ramin shi ya sa ake bukatar babbar laima. Babbar laimar kuma ita ce take ɓata gasar ƙasa. Sai aka samu wasu ƙungiyoyi sun zama kamar guga: sun fi ƙarfin ƙasa, ba su kai na sama ba, kullum suna hawa suna sauka, kowace sauka kuma da sabon biya. In aka yanke laima aka bar ramin yadda yake, masu faɗowa za su karye. In aka rage zurfin ramin, ta hanyar ƙara rabon ƙananan rukunoni, ƴar ƙaramar laima ta isa.

Da ɓangarorin biyu suka kasa daidaitawa, sai hukuma ta shiga. Wani bincike da ƴar majalisa Tracey Crouch ta jagoranta ya ba da rahotonsa a watan Nuwamba na 2021. A watan Yuli na 2025 aka sa hannu a kan dokar da ta kafa hukuma mai zaman kanta ta sa ido kan ƙwallon ƙafa na Ingila, wadda take da ikon tsoma baki a rabon kuɗi in sulhu ya gagara, har da kuɗin laima. Wasu ƙasashe kuma tun da wuri suka sa abin cikin doka: a Sifen, dokar 2015 ta ware kashi 3,5 cikin ɗari na kuɗin talbijin domin masu faɗowa. A Faransa ma akwai taimakon faɗuwa, amma bai hana Bordeaux, wadda ta faɗo a 2022, gangarawa rukuni na huɗu a 2024 ba saboda bashi.

Mu dawo gida

Mai karatu zai ce, ina ruwan biri da gada? Mu nan Nijar ba mu da miliyoyin talbijin, balle a ba wanda ya faɗo. Gaskiya ne. Amma laima iri-iri ce. Tamu laimar sunanta uban gida.

A duba jerin zakarun ƙasa. Olympic ta Yamai ta ci a 2012. Daga 2013 zuwa 2023, duk kakar da aka kammala, kambun yana hannun ƙungiyar wata rundunar ƙasa ko wani kamfanin gwamnati: ta duwan a 2013 da 2015, ta dakarun tsaron ƙasa, AS GNN, a 2014 da 2023, ta sojoji, AS FAN, a 2016 da 2017, Sonidep a 2018 da 2019, ta jandarma a 2021, Nigelec a 2022. Dukansu a Yamai suke. Tsofaffi suna tuna 1983, da Jangorzo ta kai kambu Maraɗi, da 1984, da Espoir ta kai shi Damagaram, kuma suna tunawa ne domin abin bai zama al'ada ba.

Ba zargi muke yi ba. Waɗannan rundunoni da kamfanoni sun riƙe ƙwallon ƙafa a lokacin da babu mai riƙe ta, sun ba samari albashi da sana'a. Abin da muke nunawa shi ne yadda tsarin yake aiki. Ƙungiya mai uban gida, in ta faɗo rukuni na biyu, kasafin kuɗinta ba ya dogara da matsayinta a tebur. Motarta tana nan, mai horarwa yana nan, ƴan wasa suna karɓar abinsu a ƙarshen wata. Ƙungiyar unguwa kuwa, wadda take rayuwa da karo-karo da alherin wani alhaji, ran da ta faɗo gwanayenta sun watse, alhajin ma ya ja baya. In biyun suka haɗu a wasan neman hawa, an san inda rinjaye yake. Laimar Ingila tana ƙarewa bayan shekara uku. Tamu ba ta da wa'adi, sai dai ran da uban gida ya gaza.

Halin Arlit

Nan ne maganar ta zo kan garuruwan yuraniyom. An kafa SOMAIR a 1968, ta fara fitar da ma'adini a 1971. An kafa COMINAK a 1974. Garin Arlit da na Akokan a kan wannan aiki suka tashi, da asibitocinsu da makarantunsu da filayen wasansu. Urana da Akokana a wannan inuwa suka girma, sunayensu ma sun isa shaida. Ƙungiyar Akokana ta ɗauki kofin ƙasa a 2001, ta nuna cewa ƴaƴan ma'aikatan rami suna iya karawa da na babban birni.

Amma ƙungiyar Arlit tana ɗauke da wani nauyi da ta Yamai ba ta san shi ba. Daga Arlit zuwa Yamai ya kai wajen kilomita 1200: a bi Agadas, a bi Abalak, a bi Tawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Zuwa da komowa, kilomita 2400 ke nan saboda wasa na minti 90. Akwai kuɗin mai, da na abinci, da na masauki, ga gajiyar da ɗan wasa zai shiga fili da ita. Ƙungiyar Yamai kuwa, yawancin wasanninta na waje a cikin garinta take yinsu, domin abokan karawar maƙwabta ne. Tallafin da ƙungiyar Arlit take samu, tun bai kai ga ƴan wasa ba hanya ta ci rabonta.

Yanzu kuma inuwar kanta ta canza. Ramin Akuta ya rufe a 2021. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Ma'adini yana da ranar ƙarewa, kamfani yana iya canza hannu, farashi yana hawa yana sauka, kamar yadda ya faɗi a farkon shekarun 1980 da kuma bayan haɗarin Fukushima na 2011. Ƙungiyar da ta rataya ranta ga kamfani ɗaya, ran da igiyar ta tsinke ba daga rukuni kawai take faɗowa ba. Kuma a gari irin Arlit, inda matasa suke da yawa, aiki ya ragu, ga hanyar wuraren haƙar zinari tana kiransu, filin ƙwallo ba wasa ba ne kawai.

Abin da ya kamata a yi

Kuskuren wasu makarantarmu ce. Ga shawara biyar ga hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, da ma'aikatar da ke kula da wasanni, da magadan gari na jihar Agadas.

Na ɗaya, a fara da kuɗin hanya. Duk tallafin da za a raba wa ƙungiyoyi, a ware wani kaso a biya shi bisa yawan kilomita da kowace za ta yi a kaka. Rabon daidai wa daida tsakanin mai tafiyar kilomita 10 da mai tafiyar kilomita 1200 ba daidai ba ne.

Na biyu, kada a bar tazara mai yawa tsakanin tallafin rukuni na ɗaya da na biyu. Wannan shi ne babban darasin Ingila. Hukumar FIFA, ta shirinta na raya ƙwallo da ta fara a 2016, ta tanadar wa kowace ƙasa har dala miliyon 8 na Amurka daga 2023 zuwa 2026. Gasannin jihohi sun cancanci rabo bayyananne daga irin wannan kuɗi.

Na uku, in wata rana aka ga ya dace a taimaki ƙungiyar da ta faɗo, ya zama na shekara ɗaya, domin biyan albashin da aka riga aka yi alkawari, da takardun shaida. Kada ya zama kuɗin sayen sababbin ƴan wasa. Laima ta sauka ce, ba tsani ba ce.

Na huɗu, kowane kwantaragi ya faɗi abin da albashi zai koma in ƙungiya ta faɗo. Ɗan wasa ya san matsayinsa tun ranar sa hannu, a karanta masa da harshen da yake ji.

Na biyar, ƙungiyoyin Arlit su nemi ƙafa fiye da ɗaya. A buɗe rajistar magoya baya da kati da ɗan kuɗi na shekara, a jawo ƴan kasuwa da masu motocin sufuri, a riƙa karanta lissafi gaban jama'a. Dokar ma'adinai ta 2006 ta tanadi kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai domin ƙananan hukumomin jihohin da ake haƙa. Gyaran filin wasa da horar da yara suna cikin ayyukan raya gari da majalisun za su iya sa wa a gaba.

Ƴan uwa, daɗin gasa shi ne a wayi gari ba a san wanda zai ci ba. Ran da yaron Akokan ya gane cewa tun kafin a fara an riga an san masu hawa, zai rataye takalminsa, ƴan kallo ma su zauna gida. Taimakon wanda ya faɗi aikin kirki ne, amma mai rabo ya riƙa waiwayen wanda yake tsaye a gindin tsani yana jiran nasa lokaci. Allah ya ba shugabanninmu basirar yin adalci, ya kuma raya matasanmu.